BAYAN AN SALLAME KA DAGA ASIBITI: ABIN DA CUTAR SEFSIS KE BARI A JIKI

Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirin na wannan mako ga waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba, ko kuma waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Yau maganarmu a kan wani abu ne da da yawanmu mun taɓa gani a gidajenmu, sai dai ba mu san sunansa ba.

A ce kana da ɗan'uwa, ko mahaifi, ko matarka ce ta haihu. Zazzaɓi ya rufe mutum, aka sha magani a gida kwana biyu kwana uku, jiki ya ƙi, aka kwasa sai asibiti. Likita ya duba ya ce ƙwayar cuta ta shiga jini. Aka yi ta ƙarin ruwa, aka yi ta allurai, wataƙila har aka sa masa iskar oksijin, wataƙila har ya yi kwanaki bai san wanda ke kansa ba. Allah cikin ikonsa ya tashi kafaɗarsa, aka sallamo shi. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa na cewa an auna arziƙi.

To sai wata uku ya wuce, mutumin nan bai koma yadda yake ba. Daga ɗaki zuwa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya ya huta. Ya ajiye makulli ya manta inda ya sa. Lissafin shagon da da yake yi da ka, yanzu sai ya ruɗe. Dare ya yi ba barci, in ma ya samu barcin sai mugun mafarki. Abu kaɗan ya fusata. Kafin a ankara kuma wani zazzaɓin ya sake kayar da shi. A nan ne za ka fara jin maganganu a gida. Wani ya ce ragwanci ne, ya saba da kwanciya. Wani ya ce tsufa ne ya zo da wuri. Wata ta ce a'a, wannan ba na asibiti ba ne, da sa hannu.

Wannan halin likitoci sun san shi, kuma yau shekaru ke nan asibitoci da jami'o'i a ƙasashe daban-daban suna haɗa hannu suna bincike a kansa. Abin da suka gano shi za mu baje muku yau.

DA FARKO, MENE NE SEFSIS?

Sunan da likitoci ke kiran ciwon shi ne sefsis. Mu a nan mun fi jin a ce cuta ta shiga jini, ko gubar jini. Amma bari mu gyara fahimtar kaɗan. Idan ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, garkuwar jiki ce ke tashi ta yaƙe ta. Yawanci yaƙin yakan tsaya a inda cutar take, a ci galaba, a wuce wurin. Wani lokaci kuwa sai martanin garkuwar ya wuce gona da iri, ya rikice, har ya koma yana lahanta sassan jikin mai shi: ƙoda, huhu, hanta, zuciya, ƙwaƙwalwa. Hawan jini ya faɗi ƙasa warwas, jini ya daina isa inda ya kamata. Wannan rikicewar ita ce sefsis. Ma'anar da masana suka amince da ita a shekarar 2016 ke nan: gazawar sassan jiki mai barazana ga rai, wadda ta samo asali daga rikicewar martanin jiki ga ƙwayar cuta.

Kuma kusan kowace irin cuta mai ƙwaya tana iya kaiwa can. Limoniya, cutar mafitsara, gudawa, taifod, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, gyambon mai ciwon suga, ciwon da ya ruɓe bayan tiyata, cutar da kan kama mai jego bayan haihuwa, cibiyar jariri da aka yanke da abu mara tsafta.

Girman abin fa ba kaɗan ba ne. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai an samu sefsis sau miliyan 48.9 a duniya, kuma mutum miliyan 11 suka rasu ta dalilinta. Wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar a duniya a wannan shekarar. Kimanin kashi 85 cikin 100 na masu kamuwa suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun kai miliyan 20 a cikin adadin. Shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali, a 2016, sefsis ce ta yi ajalinsa. Haka ma Fafaroma John Paul na biyu a 2005.

To yanzu ku yi lissafi da kanku. In an cire waɗanda suka rasu daga waɗanda suka kamu, za ku ga miliyoyin mutane ne ke tsira kowace shekara. Su ne maganarmu yau.

ME YA SA SAI AN HAƊA HANNU?

Shekaru da yawa, abin da asibiti ke aunawa shi ne: ya fita da rai ko bai fita ba? Masu bincike kuma sukan ƙirga waɗanda suka rayu zuwa kwana 28. Daga nan an rufe fayil. Likitan da ya ceto ran mutum a ɗakin kulawa ta musamman, wato ICU, ba lallai ya sake ganinsa ba har abada. Likitan da zai gan shi bayan wata shida da ciwon mantuwa kuma bai san abin da ya faru a baya ba. Kowa ya ga gefe ɗaya na labarin.

Ga kuma wata matsala mai wuya. A ce ka ga dattijon da ya tsira daga sefsis yana fama da mantuwa. Ta yaya za ka tabbatar sefsis ce ta jawo? Ai wataƙila da ma can mantuwar ta fara kafin ya kwanta. Wataƙila ma raunin da yake da shi ne ya sa cutar ta kayar da shi. Kafin ka raba wannan gardama, sai ka san yadda mutum yake kafin ciwon, ka kuma bi shi shekaru bayan ciwon, sannan ka yi haka ga mutane ɗaruruwa ko dubbai. Asibiti ɗaya ba zai iya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

BINCIKEN DA YA BUƊE IDON MUTANE

A 2010, wasu masana a Jami'ar Mishigan ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Dakta Theodore Iwashyna, suka samo dabara. A Amurka da ma akwai wani daɗaɗɗen shiri da ke bin dubban mutanen da suka haura shekara 50, ana yi musu tambayoyi duk bayan shekara biyu: kana iya wanka da kanka? Kana iya sa tufafi? Kana iya riƙe lissafin kuɗinka? Ana kuma gwada ƙwaƙwalwarsu. Sai masanan suka haɗa waɗannan bayanai da bayanan inshorar lafiya ta tsofaffi, suka zaƙulo waɗanda sefsis mai tsanani ta kwantar a tsakanin. Kun ga ke nan sun samu abin da ake nema: hoton mutum kafin ciwo da hotonsa bayan ciwo.

Cikin mutum 516 da suka rayu, masu matsalar ƙwaƙwalwa matsakaiciya zuwa mai tsanani sun tashi daga kashi 6.1 cikin 100 kafin ciwon zuwa kashi 16.7 bayansa. Kusan ninki uku. Sannan wanda da can yake yi wa kansa komai, a matsakaicin lissafi ya fito da sabuwar gazawa ɗaya zuwa biyu a harkokin yau da kullum, kamar tafiya, wanka, shiga bayi, ko dafa abinci. Da suka kwatanta da waɗanda aka kwantar saboda wasu cututtukan daban, ba su ga irin wannan faɗuwar ba. Mujallar JAMA ce ta buga shi.

Bayan shekara takwas, a 2018, Dakta Hallie Prescott da Dakta Derek Angus suka tattara binciken da aka yi zuwa lokacin suka taƙaita shi da wani lissafi mai sauƙin riƙewa. Cikin waɗanda aka sallama bayan sefsis, kimanin rabi sukan warware. Kimanin ɗaya cikin uku sukan rasu a cikin shekarar da ta biyo baya. Kimanin ɗaya cikin shida kuma sukan rayu da nakasu mai tsanani da ya zauna. Sannan kusan kashi 40 cikin 100 ana sake kwantar da su kafin kwana 90.

A nan sai mun yi hattara. Yawancin waɗannan alƙaluma daga ƙasashen da masu sefsis ɗinsu tsofaffi ne masu wasu cututtuka a jiki suka fito. Kada saurayi ɗan shekara 25 ya ji wannan ya ɗauka hukuncinsa ke nan. Amma kuma kada ya ɗauka ƙuruciya ta fitar da shi, ga dalili.

A Jamus, masana daga birnin Yena sun haɗa kai da wani babban kamfanin inshorar lafiya na ƙasar suka bi bayanan mutum 116,507 da suka tsira daga sefsis. Sakamakon da suka fitar a 2021 ya nuna kusan uku cikin huɗu sun samu wata sabuwar matsala a shekarar farko, ko ta jiki, ko ta ƙwaƙwalwa, ko ta tunani. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda da ba sa bukatar mai kula da su sun koma suna bukata. Abin da ya fi jan hankali, ko a cikin 'yan ƙasa da shekara 40, fiye da rabi sun samu sabuwar matsala. Kuma har waɗanda ciwon nasu bai kai su ICU ba abin ya taɓa su.

Yara ma an bi su. Asibitocin yara 12 a Amurka sun haɗu a wani bincike mai suna LAPSE, suka bi yara 389 da sefsis ta jefa cikin mawuyacin hali. Bayan shekara guda, kashi 35 cikin 100 na waɗanda suka rayu ba su koma matakin lafiyar da suke kafin ciwon ba.

TO ME KE FARUWA A CIKIN JIKIN?

Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Tsoka. Mai tsananin ciwo da ke kwance tsokarsa narkewa take yi da saurin da ba za ku zata ba. Masu bincike a Landan sun auna tsokar cinyar marasa lafiya a ICU, suka ga a cikin kwana goma ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100. Jiki ne ke cin naman kansa don ya samu abin yaƙi, ga kuma rashin motsi. Jijiyoyin da ke ba tsoka umarni su ma sukan taɓu. Abin da ya zube a kwana goma kuwa, mayar da shi sai a yi watanni. Har tsokar haɗiya takan yi rauni, shi ya sa za ka ga wani yana yawan ƙwarewa in yana cin abinci, abincin ya bi ta huhu, limoniya ta dawo.

Ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sefsis ya san wannan ruɗewar: sambatu, fizge-fizge, ganin abin da babu, rashin gane 'yan'uwa. A Jami'ar Vanderbilt ta Amurka an bi mutum 821 da suka kwanta a ICU saboda gazawar numfashi ko faɗuwar hawan jini. Bayan shekara ɗaya, kimanin ɗaya cikin uku na waɗanda aka gwada sun nuna rauni irin na wanda ya taɓa samun matsakaicin bugu a ka, kimanin ɗaya cikin huɗu kuma irin na mai farkon cutar mantuwa ta tsufa. Kuma an lura cewa gwargwadon daɗewar mutum a cikin ruɗewar nan, gwargwadon raunin da kan biyo baya.

Garkuwar jiki. Wannan shi ne abin mamakin. Garkuwar da ta yi hauka a farko, daga baya sai ta gaji. Ɗimbin ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta sukan mutu a lokacin sefsis, waɗanda suka rage kuma sukan yi sanyi. Wani bincike na asibitoci 12 a Amurka da aka buga a 2019 ya bi jinin mutum 483, aka ga kimanin biyu cikin uku suna ɗauke da alamun kumburin cikin jiki da raunin garkuwa a tare har tsawon watanni, wasu har shekara. Shi ya sa babban abin da ke mayar da su asibiti shi ne wata sabuwar cutar mai ƙwaya.

Ƙoda da zuciya. Ƙodar da ta taɓu lokacin sefsis tana iya farfaɗowa, tana kuma iya zarcewa ta zama ciwon ƙoda na dindindin a ɓoye. Haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ma yakan ƙaru bayan ciwon.

Tunani. Fargaba, baƙin ciki mai nauyi, da firgicin abin da ya wuce. Mutum ya ji warin asibiti ko ƙarar wata na'ura gabansa ya faɗi. A taƙaitawar 2018 ɗin nan, kusan ɗaya cikin uku sun nuna alamun fargaba, kusan haka kuma alamun ciwon damuwa. Su ma masu jinya abin yakan shafe su, musamman wadda ta kwana ta wuni a bakin gado tana kallon numfashin mijinta ko ɗanta.

Akwai kuma waɗanda ke rasa gaɓoɓi, saboda jini ya daina kaiwa yatsu. Wani ɗan majalisar dokokin Birtaniya, Craig Mackinlay, sefsis ta kama shi a 2023, aka yanke masa hannaye biyu da ƙafafu biyu. Da ya koma zauren majalisa a watan Mayun 2024 da hannaye da ƙafafun roba, 'yan majalisa suka miƙe tsaye suna tafa masa.

A AFIRKA FA?

Yauwa, nan ne maganar ta fi kusa da mu. A ƙasashenmu masu sefsis ba tsofaffi ne suka fi yawa ba. Jarirai ne, da yara ƙanana, da masu jego, da matasa.

A Yuganda, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Mbarara da Jami'ar British Columbia ta Kanada da wasu abokan aikinsu sun yi wani aiki da ya kamata kowane uba da kowace uwa su ji. Daga 2017 zuwa 2020, a asibitoci shida, sun ɗauki yara 6,545 'yan ƙasa da shekara biyar da aka kwantar bisa zargin sefsis. Waɗanda aka sallama da rai sai aka ci gaba da bibiyarsu har wata shida. Yara 366 suka rasu bayan an sallame su, wato kimanin kashi 5.5 cikin 100. Rabin waɗannan mace-macen sun auku ne a cikin kwana 28 na farko. Ku saurari inda suka rasu: kashi 45 cikin 100 a gida, kashi 18 a kan hanyar zuwa neman magani, sauran a asibiti bayan an sake kwantar da su. Wato kusan biyu cikin uku ba su ma kai gadon asibiti ba. Asibitin da ya sallame su kuwa, a littafinsa an rubuta sun warke.

Wani haɗin gwiwar mai suna CHAIN ya haɗa asibitoci tara a ƙasashe shida: Kenya, Yuganda, Malawi, Burkina Faso, Bangladash da Pakistan. Sun bi yara 3,101 'yan wata 2 zuwa 23 da aka kwantar da ciwo mai tsanani iri-iri. Yara 350 suka rasu, kuma 168 daga cikinsu, kusan rabi ke nan, bayan sallama ne. Yaran da ke da tamowa su suka fi shiga haɗari. Binciken ya kuma nuna halin da uwa ke ciki da halin gidan suna da tasiri a kan ko yaro zai rayu.

Manya ma haka. A birnin Blantyre na Malawi an bi manya 225 masu sefsis, yawancinsu matasa, da yawansu masu ɗauke da cutar HIV. Waɗanda suka rasu zuwa kwana 28 kashi 18 ne cikin 100, amma zuwa kwana 180 adadin ya kai kashi 31. Da an tsaya a kwana 28 kamar yadda aka saba, da ba a ga sauran ba. An kuma gano tarin fuka ne sanadin ciwon a kusan ɗaya cikin uku.

Nijeriya ma ta shiga irin wannan aikin haɗin gwiwa ta ɓangaren jarirai. Binciken BARNARDS, wanda Jami'ar Kadif ta Birtaniya ta jagoranta a ƙasashe bakwai na Afirka da Asiya, ya haɗa da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Shi ya fi mayar da hankali ne a kan ƙwayoyin cutar da ke kama jarirai, kuma ya nuna da yawansu sun daina jin magungunan da aka saba farawa da su. Wannan kuwa ya shafi duk mai sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba tare da likita ya rubuta ba, ya sha kwana biyu ya ajiye.

AN SAMO MAGANI?

Gaskiyar magana, babu wata ƙwaya ɗaya da za a haɗiya a ce ta goge abin da sefsis ta bari. An gwada hanyoyi, wasu sun yi aiki, wasu ba su yi ba, kuma sanin wanda bai yi ba shi ma riba ce.

A Jamus an yi gwajin SMOOTH da mutum 291: aka horar da likitocinsu na unguwa, aka sa ma'aikatan jinya suna kiransu a waya suna bibiya. Bayan wata shida ba a ga bambanci ba a babban abin da aka sa a gaba, wato lafiyar tunani. A Kenya an gwada ba yara kusan 1,400 maganin azitromaisin na kwana biyar a ranar sallama, bai rage mutuwa ko sake kwanciya ba.

A ɗaya ɓangaren, a jihar North Carolina ta Amurka an gwada sa ma'aikaciyar jinya guda ta riƙa bin kowane wanda aka sallama har kwana 30, tana duba magungunansa, tana tambayar sababbin alamu, tana haɗa shi da likita da wuri. Cikin mutum 691, mutuwa ko sake kwanciya ta kasance kashi 28.7 a waɗanda aka bibiya, da kashi 33.3 a waɗanda ba a bibiya ba. A Kenya da Yuganda kuma an gano cewa yaran da aka kwantar da matsanancin ƙarancin jini, in aka ba su maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a watannin farko bayan sallama, mutuwa da sake kwanciya suna raguwa sosai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin haka a 2022 a wuraren da zazzaɓin ya yi yawa. Su kuma masanan Yuganda sun fito da tsarin da ma'aikacin lafiya zai auna abubuwa masu sauƙi, kamar kaurin dantsen yaro da yawan iskar oksijin a jininsa, ya gane yaron da ke cikin haɗari tun kafin sallama, a wayar wa uwar da kai, a tsara mata ranakun da za a sake duba shi a asibitin kusa da gida.

Hukumomi ma sun motsa. A watan Mayun 2017 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri a kan sefsis. A 2021 kuma ƙa'idojin jinyar sefsis na duniya, waɗanda ƙungiyoyin likitocin ICU na Amurka da Turai ke fitarwa tare, suka ware sashe guda a kan rayuwa bayan sallama. Ranar 13 ga Satumbar kowace shekara ita ce Ranar Sefsis ta Duniya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

In kuna da wanda aka sallamo bayan irin wannan ciwon, ga abin da za ku riƙe.

Kafin ku bar asibiti, ku tambayi likita kai tsaye: sefsis ce? Daga ina ta taso? Ƙoda ta taɓu? Wane magani za a ci gaba da shi, wanne aka dakatar? Ku karɓi takardar sallama ku adana ta, duk asibitin da aka je nan gaba a nuna ta.

Ranar da aka ce ku dawo, ku dawo, ko da jiki ya yi kyau. Mun san kuɗin mota da na kati da na gwaji ba wasa ba ne, ballantana bayan jinyar da ta cinye abin hannu. Amma watan farkon nan shi ne mafi haɗari, kuma komawa da ƙafa ya fi sauƙin kuɗi a kan komawa ranga-ranga.

Ku san alamun da ba a kwana da su. Ga babba: ruɗewa ko maganar da ba ta fita daidai, rawar sanyi mai tsanani, numfashi sama-sama, wuni guda ba fitsari, jiki ya yi sanyi ƙalau ko fata ta canza launi. Ga yaro: numfashi da sauri, jijjiga, ƙin kama nono ko ƙin cin komai, amai ba tsayawa, yawan barcin da ba a iya tashinsa. In kun ga ɗaya daga ciki, a tafi asibiti a lokacin, a kuma gaya musu bai daɗe da tashi daga sefsis ba.

A ba shi abinci mai gina jiki gwargwadon hali: wake, ƙwai, gyaɗa, kifi, madara, nama in ya samu. A taimaka masa ya riƙa motsawa kaɗan-kaɗan kullum, yau tsakar gida, jibi ƙofar gida. In akwai sashen gashi a asibitinku, ku nemi a tura shi. A kammala wa yara allurar rigakafi, a kwana cikin gidan sauro.

Sannan wata magana ta musamman. Mu Hausawa in aka ce "ya jiki?", amsar ɗaya ce: "da sauƙi." Tarbiyya ce mai kyau, godiya ce ga Allah. Amma a gaban likita, bayan ka ce da sauƙi, ka ƙara da bayani. Ka ce ba na barci. Ka ce ina mantuwa. Ka ce ƙafafuna ba sa ɗaukata. Ka ce gabana yana yawan faɗuwa. Abin da ba ka faɗa ba, ba za a rubuta ba, kuma ba za a nema maka mafita ba.

Ku kuma 'yan'uwa, a yi haƙuri da su. Magidancin da ya kasa komawa kasuwa bayan wata biyu, ko matar da ta kasa ɗaukar aikin gida kamar da, kada a yi musu gori. Ciwon ya ci tsoka, ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya gajiyar da garkuwa, kuma an auna duk wannan an gani. Da yawa suna samun sauƙi sosai, sai dai abin yana ɗaukar watanni, wani ma shekara ko fiye.

A nan za mu dakata a shirin na yau. In kai ne ka taɓa shiga wannan hali, ko ke ce kika yi jinyar wani, ku ba mu labari a ƙasan wannan rubutu: me ya fi ba ku wahala bayan an dawo gida? Wani zai karanta ya gane ba shi kaɗai ba ne. Ku kuma tura wa wanda kuka san yana da majinyaci a hannu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinya da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum warahmatullah.